Wa ke sa ido kan masu sayar wa 'yan sanda bindigar shokin?

A daren 9 ga Yulin 2010 'yan sanda suka ritsa wani mutum mai suna Raoul Moat a bakin kogi, a wani ɗan gari da ake ce wa Rothbury can arewacin Ingila, bayan sun shafe mako guda suna farautarsa saboda ya harbi mutum uku, ɗaya ya mutu, ɗaya kuma ɗan sanda ne da ya rasa idanunsa duka biyu. Yana riƙe da bindiga ya saita ta a kansa, ruwa na zuba, ana ta lallashi wajen awa shida. Can tsakar dare aka harba masa wani irin harsashi na lantarki har sau biyu, bai kayar da shi ba, shi kuma ya harbe kansa. A 2011 kotun da ke binciken musabbabin mutuwa ta ce shi ya kashe kansa, wannan magana ta ƙare. Abun da bai ƙare ba shi ne harsashin nan, domin da aka zo bin diddigi sai aka tarar gwamnati ba ta ma amince a yi aiki da shi ba tukuna, yana hannun masana na ma'aikatar cikin gida ana kan gwaji. To ta ina ya biyo har ya iso hannun ɗan sanda a bakin kogi?

Ta hannun dillali ya biyo. Kamfanin Pro-Tect Systems da ke garin Daventry shi kaɗai ne a lokacin ke da izinin shigo da Taser, wato bindigar shokin, yana sayar wa 'yan sandan Birtaniya, kuma takardarsa ta ce wannan sabuwar bindigar, X12 da harsashinta XREP, wurin masu gwaji kawai zai kai ta, shi kuma da ya ga ana cikin tashin hankali ana neman mai kisa sai ya tsallake masu gwajin ya miƙa wa 'yan sanda kai tsaye. A watan Satumbar 2010 Theresa May, lokacin tana ministar cikin gida, ta soke lasisin kamfanin, aka ƙara da cewa ko ƙa'idar jigilar kayan ma bai bi ba. Kwana kaɗan bayan haka aka tsinci gawar ɗaya daga cikin daraktocin kamfanin, tsohon ɗan sanda ne, abun dai ba daɗin ji.

Kafin mu yi nisa bari mu kalli makamin kansa, don mutane da yawa suna haɗa shi da sandar shokin ɗin nan da ake dangwara wa mutum a jiki, alhali ba ɗaya ba ne. Taser kamar ƙaramar bindiga take, yawanci rawaya ce shar don kar a ɗauke ta a matsayin mai harsashi, idan aka ja kunamar sai wasu ƙananan ƙugiyoyi guda biyu su fita da gudu kowacce tana jan siririyar waya a bayanta, su maƙale a riga ko a fata, wutar ta bi ta ɗaya ta ratsa naman jiki ta fita ta ɗayar. Sakan biyar take yi ta tsaya, sai in an sake ja ko an danne. A cikin sakan biyar ɗin nan jijiyoyi ba sa jin umarnin ƙwaƙwalwa, mutum ya sandare ya faɗi kamar an sare itace, kuma faɗuwar nan ita kanta tana fasa kai in ƙasa siminti ce. Ana yawan ambaton bolt 50,000 don a tsorata mutane, amma wannan ƙarfin da take tarawa ne don ta huda tufafi, abun da ke shiga jiki bai kai haka ba ko kusa. XREP ɗin da aka harba wa Moat kuwa ba shi da waya sam, batir ɗinsa na cikin harsashin, daga bindigar farauta ake harba shi ya tafi kamar mita 30 ya maƙale yana ta ba da wuta har sakan 20. Ka ga ai wannan wani abu ne daban, ba za ka ce tunda an yarda da ƙaramar an yarda da babbar ba.

A dokar Birtaniya wannan makami haramtacce ne, sashe na 5 na dokar bindigogi ta 1968 ya jera shi layi ɗaya da manyan makaman da farar hula ba shi da hurumin taɓawa, in an kama ka da shi kana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10, in ma wanda aka ɓadda kamarsa ne ya zama kamar tocila ko wayar hannu to hukuncin ya fi tsauri. Saboda haka duk kamfanin da zai shigo da shi, ya ajiye a sito, ya loda a mota, ya sayar, sai ya samu izini na musamman daga ministan cikin gida, kuma izinin yana zuwa da sharuɗɗa a rubuce: wane iri, nawa, wa za a ba, a ina za a ajiye, ta yaya za a ɗauka. Wannan ƙofa ɗaya kenan. Akwai wata ƙofar daban wadda ba ta shafi dillali ba, ta shafi makamin, wato kowane sabon samfuri sai masana kimiyya na gwamnati sun gwada shi, sannan wani kwamitin likitoci mai zaman kansa, wanda daga baya aka kira SACMILL, ya rubuta ra'ayinsa kan illar da zai iya yi wa zuciya da ido da mai ciki da yaro, kafin minista ya sa hannu. Haka aka yi da aka fara gwajin Taser a rundunoni biyar a 2003, haka aka yi wa samfurin X2 a 2017 da Taser 7 a 2020. Laifin Pro-Tect shi ne ya riƙe mabuɗin ƙofar farko ya shige da shi ta biyu.

In ka tsaya a nan za ka ce ai tsari ya yi aiki, an yi laifi an hukunta. Ni dai ba haka na gani ba. Ranar da gwamnati ta soke lasisin nan ta wayi gari ba ta da mai kawo mata kaya ko ɗaya, ga dubban 'yan sanda riƙe da Taser a ƙugu, kowace harbi tana cin kwanson ƙugiya guda, horo na ci, batir na mutuwa, kuma ba wani shago na biyu da za a leƙa. Gaba kura baya sayaki kenan. Hukuncin da za ka yanke wa mutum kai ma ka kwana da ciwonsa, sau nawa za ka iya yanke shi? Lasisi yana da haƙori ne idan akwai wani a layi yana jiran a ƙwace a ba shi, idan kuwa mai shi ya san ba ka da kowa sai shi, to takarda ce kawai mai tambari. Zan dawo kan yadda aka warware wannan ƙulli don abun dariya ne ta wani ɓangaren.

A Amurka inda aka haifi makamin lamarin ma ya fi haka sakwarkwacewa, kuma dalilin wata 'yar dabara ce ta injiniya. Jack Cover, wani masani da ya yi aiki da NASA, shi ya ƙera ta farko a 1974, amma tasa da albarushi take harba ƙugiyoyin, don haka hukumar ATF mai kula da bindigogi ta ce wannan ai bindiga ce, ta sa ta cikin doka, kasuwa ta ƙi. A 1993 wasu 'yan'uwa biyu, Rick da Tom Smith, suka kafa kamfani a Arizona suka cire albarushin suka sa matsattsiyar iskar nitirojin, shikenan ta fita daga ma'anar bindiga a dokar tarayya. Ba bindiga ba ce balle ATF ta duba, ba na'urar asibiti ba ce balle hukumar magunguna ta gwada ta a kan zuciya, sai ta faɗa wani rami tsakanin hukumomi kowa na cewa ba nawa ba ne. Ga kuma rundunonin 'yan sanda wajen 18,000 a ƙasar, na birni da na gunduma da na jiha, kowacce ita ke yin cinikinta ita ke rubuta ƙa'idarta, ƙaramar runduna mai mutum goma sha kuwa ina ta ga ɗakin gwaji, abun da mai kaya ya faɗa mata shi za ta riƙe. Kamfanin 'yan'uwan nan shi ne ya zama Taser International, a 2017 ya koma Axon. Wani abun lura, sabon samfurinsu na 2023, Taser 10 mai ƙugiya goma, ya dawo ƙarƙashin ATF saboda abun da ke tunkuɗa ƙugiyoyin ya sake canzawa, wato dai har yau dokar abun da ke harba ƙugiyar take kallo, ba wutar da ke shiga jikin mutum ba.

To in gwamnati ba ta gwada ba wa ke faɗa wa ɗan sanda cewa abun ba ya kisa? Mai sayarwa. Nan ne gizo ke saƙar. Kamfani ɗaya shi ke ƙera makamin, shi ke horar da malaman da za su horar da 'yan sanda, shi ke rubuta takardar gargaɗi, shi ke ɗaukar nauyin kaso mai tsoka na binciken likitoci a kansa, shi ke da manhajar da ake sauke bayanan harbi da ita, yanzu ma har kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan da rumbun ajiye bidiyon nasa ne a wurare da yawa. Ba wai ina cewa duk abun da suka faɗa ƙarya ba ne, a'a, akwai mutane da dama da ke raye yau saboda an harbe su da Taser maimakon harsashi, wannan gaskiya ce kuma duk mai musunta ta son rai ne. Amma ko waliyyi ne ba a ba shi alƙalancin shari'ar da kuɗinsa ke ciki. Shekara da shekaru ana koya wa 'yan sanda su saita tsakiyar jiki, sai a Oktoban 2009 kamfanin ya fito ya ce a riƙa kauce wa ƙirji in da hali, kuma wannan ya zo ne bayan an fara cin su a kotu, don a 2008 ne wasu masu taya alƙali hukunci a San Jose suka fara ɗora musu alhakin mutuwar wani mutum. Kenan kotu da lauyoyin diyya ne suka yi aikin da ya kamata hukumar ba da lasisi ta yi, kuma kotu ai sai an mutu take zama, ihu bayan hari.

A shekarar 2008 ɗin dai a jihar Ohio kamfanin ya maka babbar likitar binciken gawa ta wata gunduma a kotu, alƙali ya ba da umarni a goge sunan Taser daga takardun mutuwar mutum uku. Ka sa kanka a matsayin wani likitan gawa a wata gundumar da ya karanta wannan labari, gobe aka kawo masa gawa da tabon ƙugiya biyu a ƙirji, ga alƙalami a hannunsa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2017 ya ƙirga mutum sama da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun harbe su da Taser, a cikin 153 rahoton binciken gawa ya ambaci makamin a matsayin sanadi ko mai taimakawa. 'Yan jarida ne fa suka zauna suka ƙirga, ba wata hukumar gwamnati ba.

Kanada ta koyi nata karatun da tsada. Ranar 14 ga Oktoban 2007 wani ɗan ƙasar Poland, Robert Dziekanski, wanda ba ya jin Turanci, ya shafe sa'o'i yana gararamba a filin jirgin Vancouver yana neman mahaifiyarsa, ya rikice, 'yan sanda huɗu suka zo, cikin abun da bai kai minti ɗaya ba aka fara sakar masa wuta, sau biyar, ya mutu a wurin, wani matafiyi ya ɗauki bidiyo, da ba don bidiyon ba da wani labarin za a ji. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Thomas Braidwood, ya ce makamin na iya kisa, kamfanin ya je kotu yana neman a soke wannan matsaya bai yi nasara ba. Amma abun da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abun da gidan talabijin na CBC ya yi a 2008, suka samo Taser samfurin X26 sama da 40 daga hannun 'yan sanda suka kai ɗakin gwaji mai zaman kansa, sai ga guda 4 suna fitar da wuta fiye da yadda aka rubuta a takardar kamfani. Tambaya mai sauƙi ce wadda ba wanda ya yi ta a hukumance: wannan da ke ƙugun ɗan sanda shekara uku, ta sha rana ta sha faɗuwa, har yanzu wutar da ke cikin takarda take bayarwa? Sikelin ɗan kasuwa ma ana zuwa a duba shi. Bayan wannan ne wasu lardunan Kanada suka janye tsofaffin suka fara gwajin kansu. Lasisin da ke duba ƙarfin ƙofar sito da makullin mota amma ba ya auna wuta, rabin aiki ya yi.

Wani abu da ya kamata a yaba, makamin yana rubuta tarihin kansa. Duk jan kunama yana ajiye rana da lokaci da tsawon sakan nawa, kuma kwanson yana watsa wasu 'yan mitsi-mitsin takardu masu launi kamar ɓurɓushi, kowacce ɗauke da lambar kwanson, ta yadda ko an tsince wayoyin an gudu za a san daga hannun wa ya fito. Tarihin nan da makamin ke rubutawa ne ya yi aiki a shari'ar Dalian Atkinson, tsohon ɗan wasan Aston Villa da ya mutu a Telford a Agustan 2016, bayanan suka nuna an danne kunamar sakan 33, fiye da ninki shida na ƙa'ida, ga kuma shurin da aka yi masa a kai, a 2021 aka ɗaure ɗan sandan shekara 8. Sai dai rubutun da ba a karanta ba ai daidai yake da babu, in ba doka ta tilasta a sauke bayanan a miƙa wa wani da ba ɗan sanda ba kuma ba ma'aikacin kamfani ba, to suna nan kwance a cikin na'ura sai ranar da aka yi gawa.

Sai ɓangaren fitar da kaya waje, wanda shi ne ya fi duhu. A Amurka sai da lasisin ma'aikatar kasuwanci ake fitar da irin waɗannan makamai. Tarayyar Turai tun 2005 take da dokar hana cinikin kayan azabtarwa, ta haramta ɗamarar shokin da ake ɗaura wa fursuna a jiki kwata-kwata, sauran na hannu da suka wuce bolt 10,000 kuma sai an nemi izini an duba wa za a sayar wa. Amma masu ƙera sandar shokin a duniya ba ɗaya ba ne ba goma ba, da yawansu suna ƙasashen da ba ruwansu da wannan doka, a 2013 ma a tsakiyar Landan wurin baje kolin makamai na DSEI sai da aka kori kamfani biyu, ɗaya na Faransa ɗaya na China, saboda an ga irin waɗannan kaya a kundin tallansu, kuma ba jami'an lasisi ne suka fara gani ba, masu fafutuka ne. Bambancin da na faɗa a farko nan yake da amfani: mai ƙugiya aƙalla tana da hujjar tsayar da mai wuƙa daga nesa, amma sandar da sai ka matso ka dangwara wa mutum ba ta sandarar da kowa, zafi kawai take bayarwa, kuma wanda ka iya matsowa ka taɓa yawanci ya riga ya shiga hannu, ga shi ba ta barin tabo sosai, shi ya sa masu azabtarwa ke sonta. A 2023 jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, Alice Jill Edwards, ta nemi a haramta irin wannan gaba ɗaya. Wani abun da ke dagula lissafi shi ne ita ma Taser ɗin ana iya dangwara bakinta a jiki ba tare da harba ƙugiya ba, wato makami ɗaya fuska biyu, takardar lasisi kuwa sunan kaya take gani ba ta ganin hannun da zai riƙe.

To mu koma Daventry. Bayan an soke lasisin Pro-Tect ba a jima ba aka ba wani sabon kamfani izini, sunansa Tactical Safety Responses, shi ma shi kaɗai. Da kwamitin harkokin cikin gida na majalisar dokokin Birtaniya ya leƙa, a rahotonsa na 2011, sai ya tarar kusan mutanen nan ne dai, a ginin nan dai, allon ƙofa ne ya canza, 'yan majalisar suka nuna damuwa kan yadda ƙasa guda ta rataya a wuyan dillali ɗaya. In za a yi adalci gwamnati ba ta da wata hanya mai sauƙi, wa ya san kayan, wa ke da amincewar masu ƙerawa, wa ke da sito mai tsaro in ba su ba. A 2015 kamfanin Taser International ya saye Tactical Safety Responses ɗungurungum, dillali ya fita daga tsakani, mai ƙera makamin ya zama shi ne mai sayar da shi kai tsaye ga 'yan sandan Birtaniya, ofishin kuma ya ci gaba da zama a Daventry.